Fetur Ɗin Bara

A wani shagon sayar da injuna da gyaransu a Ohio, wata dattijuwa, Doreen Haskell, ta turo injin yankan ciyawarta har gaban makanike.

"Ɗan nan, bara kuka sayar min da wannan tarkacen. Na ja igiya har kafaɗata ta riƙe, ko tari bai yi ba. Yau za ku canja min, ciyawa ta kai min gwiwa!"

Ya buɗe tanki ya shinshina. "Mama, yaushe kika zuba man nan?"

"Tun kafin dusar ƙanƙara."

"Ai ya lalace."

"Fetur ne ko madara? Kar ka raina min hankali!"

"Da gaske nake. In ya yi watanni a ajiye danƙo yake zama, ya toshe kafireta, mai ya kasa wucewa."

"To tsohon injinmu da ya shekara ashirin, me ya hana shi toshewa?"

"Wa ke ajiye shi in sanyi ya shigo?"

"Marigayi mijina, Vernon. Shi kuwa me ya sani? Kunna shi yake a bayan gida, ba ya yankan komai, ya zuba masa ido har injin ya mutu. Duk shekara sai na yi masa tas kan ɓarnar mai."

"Ragowar man yake ƙonewa, Mama. Haka ake ajiye shi."

Ta ɗora hannunta a kan mariƙin injin.

"To me ya hana shi faɗa min?"

"Bai taɓa faɗa ba?"

"Yakan dai ce, 'Doreen, tsaya ki ji.'" Ta gyara ratayar jakarta. "Ni kuwa ban taɓa tsayawa ba. Wanke min kafiretar."