Ƙwayar da Ba Ta da Ɗaci

A tashar Kontagora, mota ta ƙi cika. Jemimah, 'yar Rijau, ta zauna kusa da wani tsoho mai jarida, kwalbar magani a cinyarta.

"Baba, kai da ka yi boko, maganin da ba ɗaci yana aiki?"

"Na waye?"

"Na maigidana, Obed. Jini ya toshe masa a ƙwaƙwalwa, ɓarin jikinsa ya shanye. Asibitin koyarwa suka sa shi cikin masu gwajin sabon magani. Wai rabinsu na gaske ake ba su, rabi ƙwayar banza, ko likita bai san na kowa ba. Na lasa, wallahi kamar alli. Zan je in ce su cire shi."

"Kin lasa? 'Yata, masu binciken sun san da irinku, ɗanɗano ɗaya suke yi musu. Ki bar shi. Lokacin da irin ciwon nan ya kama marigayiya matata, ko na banzan ba mu samu ba."

Jemimah ta sunkuyar da kai. "Allah ya ji ƙanta. Ni dai so nake ya riƙe cokali da kansa."

"Ba ya riƙewa?"

"Riƙewa? Jiya jifana ya yi da shi, wai miya ba gishiri!"

Tsohon ya ninke jaridarsa. "Da wane hannu?"

 Sai ta dafe ƙirji.

"Baba... da mai ciwon."