Ɗigon Jan Farce

Tela yana zaune a bencin shagon gyara, ya damƙe 'yar na'urarsa ta jin waƙa, sai wani dattijo ya zauna gefensa.

"Batir ne, samari?"

"Shi ne, Baba. Ko waƙa uku ba ya kaiwa. Wai akwai garanti, kyauta za su canza. Kyautar ce ban yarda da ita ba. Sai su kwashe kayan ciki, su zuba maka tarkace."

"Yaya za ka gane?"

Tela ya rage murya. "Na kwance bayanta, na ɗiga wa komai jan farcen matata."

Dattijon ya miƙe, ya zagaya bayan kantar shagon. Ashe mai gyaran ne.

"Wanda ya buɗe, garantinsa ya mutu, ɗana. Miƙo mu ga kwalliyar."