Yadda Ubangiji Ya Raya Mini Tabita

Iyayena da 'yan'uwana, alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku. Sunana Rifkatu, amma yawancinku da Maman Yakubu kuka san ni. Daga kudancin Kaduna muka zo Kaura Namoda, maigidana yana aikin walda a bakin tasha. Na tsaya ne in ba da shaida a kan 'yarmu Tabita.

Ranar da na haife ta, ungozoma ta daɗe ba ta miƙo mini ita ba. Da na karɓa na buɗe zane, sai na ga leɓenta na sama a tsage har cikin hanci. Da ta yi kuka na hangi ganɗarta ma a buɗe take.

Ba ta iya kama nono. In ta samu kaɗan, sai ya dawo ta hanci, ta shaƙe har jikinta ya yi baƙi. Ina kallonta tana ramewa a hannuna. Surukata ta kira daga gida ta ce a bincika, wai wannan ba banza ba, akwai wanda ya yi mana baki. Na daina zuwa sujada, domin ban iya jure idon mutane ba. Ko addu'a ta ƙi fitowa daga bakina.

Akwai maƙwabciyarmu, Hajiya Asabe, 'yar Moriki ce, tana sayar da hatsi. Wata rana da hantsi ta shigo ba wanda ya kira ta, ta same ni zaune a ƙasa.

Ta ce, "Ke ɗiyata, mi kike ɓoyo? Miƙo mini ita."

Na ce, "Inna, ba za ki so ganinta ba."

Ta karɓe ta, ta dube ta da kyau, ta ce, "Halittar Allah ce. Jikan ƙanena a Katuru haka aka haife shi, yunwa ta ɗauke shi muna kallo. Wannan ba mu barinta."

Ita ta sa ni in tatsa a kofi, ta zaunar da yarinyar a miƙe a cinyarta, tana ɗiga mata da ƙaramin cokali. Ɗanta Sani kuma, direban da ke bin hanyar Gusau, shi ya zo da labarin cewa wasu likitoci masu aikin taimako suna ɗinke irin wannan kyauta a wani asibiti a can Gusau.

Muka tafi da murna. Likita ya sa ta a sikeli, ya girgiza kai. Ya ce, "Uwa, in muka sa mata maganin barci a wannan nauyin, ba lallai ta farka ba. Ki je ki ciyar da ita, za mu sake zuwa."

Wannan maganar ta karya ni fiye da ranar haihuwa. Muna sauka a Kaura ban wuce gida ba, na shigo nan majami'a. Babu kowa sai Mama Hannatu, matar fasto, tana shara. Na kwantar da Tabita a kan benci na durƙusa. Ban roƙi a gyara mata fuska ba. Na ce, "Yesu, kai ka ce a bar yara ƙanana su zo wurinka. Ga ta nan. Ka bar mini ita da rai, ko da a haka ne." Mama Hannatu ta ajiye tsintsiya ta dafa kaina, muka yi ta kuka. Na tashi daga wurin da wata salama da na rasa tun ranar da aka miƙo mini ita.

Daga nan matan zumunta suka riƙa taya ni ciyar da Tabita, domin sai a ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta shanye rabin kofi. Inna Asabe kullum sai ta aiko da kunun gyaɗa don ruwan nono ya zo. Kumatun Tabita suka fara fitowa.

Da likitocin suka dawo, an yi kwanaki hanya ba lafiya, motoci sun tsaya. Sani ya ce, "Maman Yakubu, ku shirya. Allah shi ka tsarewa." Muka isa lafiya. Aka sa ta a sikeli, likita ya ce a shigo da ita.

Da aka fito da ita, maigidana ya tsaya yana kallonta. An ɗinke leɓen. Bayan ta shekara aka koma aka rufe ganɗar. Ba su karɓi komai a hannunmu ba.

Yau Tabita tana ajin yara na Lahadi. Wasu kalmominta har yanzu ta hanci suke fita, muna kan koya mata, ku ci gaba da sa ta a addu'a.

Na gode wa Ubangiji da ya ji ni, ya aiko da taimako ta hannun wanda ya ga dama. Ku dogara gare shi. In kun san uwar da ke rufe irin wannan yaro a ɗaki, a Sakajiki ne ko Zurmi ko Shinkafi, Kirista ce ko Musulma, ku faɗa mini. Na san hanyar asibitin, kuma ina da kofi da cokali. Ni zan raka ta.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.