Sa hannun da na hana maƙwabtana

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ce Hajiya Rabi, tsohuwar malamar makaranta, daga Hayyin Ashir a Alƙahira.

Maƙwabtana sun nemi kafa ƙungiya bisa doka domin a gyara titinmu. Ofishin gunduma ya ce sai kowane mai gida ya sa hannu. Na ƙi, don kawai mai gadi aka aiko mini da takardar, ba wanda ya zo da kansa. Aka yi watsi da buƙatar.

Makon jiya na faɗa wani rami a titin, na karye. Ummu Hasan, jagorar masu neman kafa ƙungiyar, ita ta kai ni asibiti. "Ma'alish, Hajiya," ta ce da Larabci, wato ba komai, in yi haƙuri.

Masu sauraro, da wane baki zan nemi gafararta?