Gadon Wendlecote Na Ɗan Auta Ne

Mai girma shugaban taro, Rabaran Cuthbert Ames. 'Yan majalisar ƙauye. Kanar Basil Fanshawe, wanda na ga ya taho da lauyansa. Matan da suka dafa mana shayi. Jama'ar Wendlecote, manya da yara, barkanmu da yamma.

Ina godiya da kuka ɗora mini wannan aiki na binciko magaji, ko da yake na lura babu wanda ya yi takara da ni.

Kun san abin da ya tara mu. Kamfanin gine-gine na son makiyayar da ke bayan coci, kuma babu mai ikon sayar da ita sai magajin tsohon gandun ƙauyen nan. Kanar ya ce shi ne, har ya yi alkawarin sa hannu.

Na farko, na bi zuriyar tun daga Osbert, jarumin da sarki ya ba gandun shekaru ɗari bakwai da suka wuce. Na bi ta a littattafan baftisma, na bi ta a duwatsun kaburbura, na bi ta har gwiwoyina suka yi yaji. Kanar jinin Osbert ne, daga babban ɗa zuwa babban ɗa, babu tangarɗa. Ina taya shi murna.

Na biyu, a Wendlecote babban ɗa ba ya gadon ƙasa. Al'adar gandun nan, wadda kotunsa ta yi ta hukunci da ita, ɗan auta ke gada, domin shi ke zama ya yi jinyar tsofaffi. Kanar, kakanninka duk sun yi saurin zuwa duniya.

Sai na koma na bi 'yan auta. Zuriyar ta sauka daga doki ta kama garma, ta yi ta gangarowa har ta tsaya a ƙofar maƙwabcina Wilfred Tuckett, wanda ba ma ga maciji da shi tun da ya sare mini shinge. Raina ya ɓaci. Na sake binciken, ko Allah zai sa na yi kuskure. Ban yi ba.

Na ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ya ce, "Hilda, in zancen shinge ne, ba ni da lokaci."

Na ce, "Kai ne mai gandu, tsohon banza."

Ya ce, "To. Goge ƙafarki kafin ki shigo."

Na yi masa bayanin kamfanin. Sai ya ce, "A makiyayar nan fa na watsa tokar gawar matata Maud, gindin itacen da take zama da karenta. Su zuba mata kwalta a ka? Je ki ce musu mai gandu ya ce a'a."

Jama'a, tausayinsa ya kama ni, abin da ban shirya masa ba. Makiyaya ta tsira.

Allah ya ba Maud hutawa, ya ba Kanar haƙuri, ya mai da kowa gida lafiya. Allah kuma ya ja kwanan Wilfred, ku ce amin da ƙarfi, domin autansa dillalin filaye ne.

Na gode.