Layar da ke Maƙale a Bakin Injin

Shin a cikinku akwai wanda ya taɓa ganin iska ta tsaya duba hatimin shugaba kafin ta wuce? Ku riƙe amsar tukuna in yi gaisuwa, kada a ƙara rashin tarbiyya a kan laifuffukana, ni Nagase.

Yallabai shugaban kamfani, uban wannan taro; sai yallabai Kuwabara, shugaban sashenmu na lissafin iska; manyan daktocinmu, magabatana da suka riga ni shigowa ta ƙofar nan, mutanen ɗakin walda da na ɗakin abinci, iyalai da aka gayyato: na sunkuya wa kowa gwargwadon matsayinsa.

Na gode da aka zaɓe ni in yi magana a madadin matasa ranar da kamfani ya cika shekara arba'in. An zaɓe ni ne kafin in yi laifi, sunana ya riga ya shiga takardar shiri, kuma an rasa wanda zai fara sa hatimi a soke shi. Jawabin da aka rubuta mini yana aljihu, can zai zauna.

Na farko, domin iyalai. Aikinmu shi ne gano inda za a rataya injin a ƙarƙashin fiffiken jirgin sama. A kwamfuta muke zana shi, mu yanka iskar da ke kewaye gida-gida kamar raga, na'ura ta lissafa yadda za ta bi. Inda ta nuna shuɗi, lafiya. Inda ta nuna ja, fitina. Ni ban shiga jami'a ba. Goge samfurin katako aka ɗauke ni yi, lissafin nan kuwa a jirgin ƙasa na koye shi, a tsaye, daga littattafan gwanjo.

To, shekara shida ke nan wata 'yar jar guguwa tana juyi a bakin injinmu. An matsar da injin gaba, an dawo da shi baya, an lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe shi, tana nan. Kowa ya san inda take tasowa: wani ɗan tudu ne a cikin leɓen injin, tsawon yatsa, mai kusurwa huɗu. Amma hatimin yallabai Kuwabara ne a saman zanen, da hatimai goma a jere a bayansa, kowanne ya karkata yana rusuna masa. Sai aka raɗa wa abin suna Tudun Kuwabara. Dakta Shiraishi ta rubuta shafi sittin a kan hikimarsa.

Na biyu. Wata uku da suka wuce na faɗaɗa zanen sau ɗari, sai na ga ƙullin zare a kan tudun. Ranar hutu na hau bas zuwa gidan tsoho Amemiya, wanda ya sassaƙa samfurin da aka ɗauki siffarsa da na'urar haske aka zuba a kwamfuta. Na iske shi yana gasa dankali. Ya sa tabarau, ya dubi hoton, ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Kai, ɗan nan, ai layata ce. Ta kariyar tafiya, daga wurin bauta na kan dutse. Kowane samfuri ina liƙa masa kafin a hura masa iska. Ran nan na manta ban cire ba."

Na ce, "Baba, shekara shida daktoci uku suna kokawa da ita."

Ya ce, "Shida? Ai ta shekara ɗaya ce. Ana mayar da ita a ƙona. Wannan ko keke ba za ta kare ba yanzu. Ci dankalinka."

Na uku, kuma nan laifina yake. Na dawo na goge ta daga zanen, na sake sa lissafi. Washegari bakin injin ya fito shuɗi tas. Na kai wa yallabai Kuwabara takardar da hannu biyu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Nagase, wa ya ce ka gyara iska?"

Na ce, "Yallabai, ita ta gyaru."

Ya ce, "Iskar da ba ta bi ta teburina ba, ba iskar kamfani ba ce. Mayar da tudun."

Aka mayar. Aka kuma kafa kwamiti. Ku ji abin da manyan masana suka zauna a kai har sau bakwai: ba cire layar ba, sabunta ta. Aka aika aka karɓo ta bana, aka auna, aka tarar ta fi tsohuwar kauri da milimita biyu. Aka yi wata guda ana gardama ko a zana sabon kaurin a leɓen injin, ko a roƙi masu wurin bauta su koma tsohon yadi. Aka gayyato mai tsarkakewa daga wurin bautar ya kaɗa sandarsa ta farar takarda a kan kwamfutoci. Shi kansa ya ja ni gefe ya ce, "Samari, me ya hana ku rataya ta a ofis kamar kowa?"

Ba ni da faɗa da laya. Tawa tana jakata, uwata ta ba ni. Faɗana da mutanen da suka ga ƙullin zare suka kira shi hikima ne, suka ga ja suka ce ado ne, suka gwammace iska ta yi kuskure da a ce babba ya yi.

Jibi Litinin an ce in sa hatimina a takardar neman afuwa mai cewa na goge wani sashe na injin saboda jahilci. In na ƙi, an yi mini wuri a ɗakin ajiyar kwalaye, inda ko fanka babu. Ina son aikin nan fiye da yadda ya kamata mai hankali ya so aiki. Amma ba zan sa ba.

Addu'ata ga wannan taro: kamfani ya ga wasu shekaru arba'in, hannun masu walda ya tsira daga ƙuna, tsoho Amemiya ya daɗe yana gasa dankali, duk jirgin da zai ɗauki injinmu ya sauka lafiya, kowa ya koma gida ya iske alheri. Na gode da kuka saurara, har da masu kallon takalmansu.

Saura abu ɗaya. Yallabai Kuwabara, matarka tana layi na biyu, 'ya'yan masu walda suna baya, kuma su ne za su hau jirgin. Ga makirufo na ajiye a gabanka. Tashi ka faɗa musu da bakinka: mene ne a cikin leɓen injin nan? Ina nan tsaye har ka faɗa.