Linzamin Hagun da Ban Sayo wa Jamaluddeen Ba

Da sunan Allah muke buɗewa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi. Ranka ya daɗe Dagaci, da masu unguwanni. Allah gafarta Liman da sauran malamanmu. Shugaban ƙungiyarmu ta manoman rani, da 'yan'uwa da suka taso daga Kura da Bunkure da Madobi. Malam Badamasi, aminina, mahaifin marigayi. Hajiya Ummukulsum mahaifiyarsa, da Latifa mai ɗakinsa, da kuke jin mu daga cikin gida. Assalamu alaikum.

Ni ne Abdulsamad, sakataren ƙungiya. An zaɓe ni in yi magana a madadinmu yau da Jamaluddeen ya cika kwana arba'in, wai don na fi kowa zama a shagonsa. Da sun san abin da na sani, da wani suka zaɓa. Akwai maganar da na ɓoye wa iyayensa, kuma ba zan zauna ba sai na faɗe ta.

Ya kasance ɗan gidan malamai da ya je birni ya karanta injiniya, ya dawo ya kama shago a bakin titi ya ajiye kwamfuta. Mun yi masa dariya. Ni da bakina na ce, "Kai Jamalu, a cikin akwatin nan za ka shuka tumatirin?" Murmushi kawai ya yi, ya gyara mini benci.

Ya kasance mai zana abu kafin a ƙera shi. Ba zanen takarda ba, zane mai tsawo da faɗi da zurfi, ya juya maka shi ka ga bayansa da ƙarƙashinsa. Ku tuna rigimar shekara uku da suka wuce, ranar da mutanen ƙarshen layi suka fito da adduna saboda ruwa yana ƙarewa kafin ya iso gonakinsu. Shi ya shiga kwalbati ya auna, ya zana sabuwar ƙofar ruwa, ya tara mu ya yi ta buɗe ta yana rufewa a fuskar kwamfuta, har kowa ya ga rabonsa da idonsa. Mai walda ya bi zanen. Tun daga ranar ba a sake zare adda a bakin ruwan nan ba.

Ya kasance mai kunya. Wannan muka fi yabo a halinsa, kuma ta nan muka cuce shi.

Jama'a, aikin nan da linzami ake yinsa, ɗan abin nan da matasa ke cewa maus. Hannu yana kife a kansa tun safe har la'asar, ana danna, ana ja, ana juya zane. Bara hannunsa na dama ya fara ciwo, yatsu uku suna mutuwa, kofin shayi yana suɓuce masa. Likita a birni ya ce jijiyar wuyan hannun ce ta matse. Ya ce ya hutar da hannun daman gaba ɗaya, ya koma aiki da hagu, kuma ya nemi linzami na tsaye, wanda ake riƙewa kamar ana musabaha, don kada hagun ma ya lalace.

A lokacin ƙungiya ta yanke shawarar yi masa kyauta. Muka tambaye shi abin da yake so, da ƙyar ya rubuta mini a takarda. Ga ta nan a hannuna. Ya rubuta: na tsaye, matsakaici, mai maɓallin tsakiya na juya zane, na hannun hagu. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin hagu.

Na shiga Kano, na je wani shagon kayan kwamfuta. Mai shagon ya ce na hagu sai an yo oda, sati biyu, amma ga na dama. Kuma wallahi mutumin nan ya gargaɗe ni. Ya ce, "Alhaji, wannan ba irin cokali ba ne da kowane hannu zai ɗauka. An ƙera shi ne daidai tafin hannu ɗaya. In mai shi ya ce hagu, a jira masa hagu."

Kun san abin da ya zo mini a rai? Jamalu bahago aka haife shi. Malam Badamasi, kana tune da wahalar da aka sha kafin alƙalami ya zauna masa a dama. Sai na ce a zuciyata, tsohon halin ne ya dawo, ya fake da likita. Ɗan malam guda, yana zana hanyar ruwan da muke alwala da shi, da hagu, a bakin titi, kowa yana gani? Na ce da mai shago, "Naɗe mini na dama. Mu muka haife shi, mun fi shi sanin abin da ya dace da shi." Ban tambayi kowa ba. Ko waya ban ɗaga na kira yaron ba.

Muka miƙa masa a gaban Dagaci. Da yawanku kuna wurin. Ya buɗe kwalin, ya duba. Na ce, "Mun gyara maka kuskuren da ka yi a takarda." Aka yi dariya. Ya durƙusa ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri."

To, tsohon linzaminsa shimfiɗaɗɗe ne, kowane hannu yana iya riƙe shi. Latifa ta gaya mini bayan rasuwar, a gida da hagu yake aiki da tsohon. Amma a shago, inda muke zaune a benci kullum, kyautar dattawa yake ɗauka, da hannun da likita ya ce ya ajiye. Kuma ni nake tambaya, "Yaya kyautarmu, Jamalu?" Ya ce, "Tana aiki, Baba." Rani ya matso, muna matsa masa ya gama zanen ƙofar ɓangaren Bunkure. Wata huɗu ana haka. Na sha ganin yana yarfe hannu yana matsa yatsu, sai in ce gajiya ce ta matasan zamani.

Ranar Talatar nan da hantsi ya ɗauki zanen a babur zai kai wa mai walda. A hanyar Kadawa motar tumatir ta tsaya a gabansa, ya afka mata. Mudassiru, manomin da ya ɗauke shi daga ƙasa, yana zaune can, ku tambaye shi. Abin da Jamalu ya gaya masa ke nan: "Na ga motar. Na matsa birki, hannun ne bai ji ba." Kafin azahar ya cika.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah gafarta Liman, na sani ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma na yi imani da haka. Ban ce na hagun zai ƙara masa ko minti ɗaya ba. Amma amana aka ba ni a rubuce, na ci ta, saboda ina gudun abin da masu wucewa za su ce. Wannan ba ajali ba ne, aikina ne, kuma ni za a tambaya. Kwana arba'in ina karɓar gaisuwa tare da ku, takardar nan tana aljihuna, ina jin kunyar kaina.

Ku dattawa 'yan'uwana, yaranmu yanzu suna sana'o'in da ba mu san ciwonsu ba. In ɗanka ya ce ga kayan aikin da jikinsa yake so, ka sayo abin da ya ce, ko ka bar shi ya sayo da kansa. Kada godiyarsa ta ruɗe ka, mu muka koya musu ba a mayar wa babba kyauta.

Malam Badamasi, Hajiya, Latifa. Na ga Malam zai ɗaga hannu. Don Allah dakata, aminina. Ba zan nemi gafararku a gaban Dagaci da jama'a ba, domin na san za ku ce kun yafe, kamar yadda ɗanku ya ce ya gode. Irin wannan amsar ta ishe ni. Gobe zan zo zaure ni kaɗai, in zauna a ƙasa. Ku faɗi abin da ke ranku. In yafiyar ba ta zo gobe ba, zan dawo jibi, kuma ba zan yi fushi ba ko ba ta zo ba har abada.

A madadin ƙungiya da iyalan marigayi, muna godiya ga duk wanda ya baro gonarsa da kasuwarsa ya zo. Allah ya mayar da kowa gida lafiya.

Ya Allah, ka jiƙan Jamaluddeen, ka yalwata kabarinsa. Duk gonar da ta sha ruwa ta ƙofar da ya zana, ka kai masa ladan. Ka ba iyayensa da matarsa haƙuri, ka raya 'ya'yansa biyu. Ya Allah, hannun daman nan da muka gajiyar har ya daina ji, ka mayar masa da shi lafiyayye ranar tsayuwa, ka sa masa littafinsa a ciki.

Amin. Allah gafarta Liman, a shafa Fatiha.